Bikin fasaha a Sakkwato: rumfa guda ta ishi nakasassu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin wasu matasa da ke shirya bikin fasaha na kwana uku a nan cikin garin Sakkwato: karatun waƙa, wasan kwaikwayo, kiɗan gargajiya da baje kolin aikin fata da zane. Muna so masu buƙata ta musamman su halarta, amma kuɗinmu kaɗan ne. Wasu a kwamitin sun ce mu keɓe musu rumfa guda, mu raba musu abinci. Wannan ya wadatar? Idan bai wadatar ba, ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa niyyar nan albarka. A'a, bai wadatar ba, kuma ina jin tsoron rumfar nan ce za ta fara ɓata muku aiki. Ni ma na taɓa kafa irinta.

Shekarun baya an sa ni cikin masu shirya wani taro irin naku a wani fili a garin nan. Muka aika wa shugabannin makafi da na guragu takarda, muka kafa musu rumfa a gefe, muka tanadi shinkafa a robobi, muna ganin mun yi abin kirki. Ranar taro ina ta kai da komo sai wani yaro ya zo ya ce ana cacar baki a ƙofa. Na fita na tarar da wani dattijo makaho, farar riga wankakkiya da rawani, ɗan jagoransa riƙe da bakin sanda, mai gadi ya tare su yana cewa, "Allah ya ba da haƙuri Baba, yau ba a bara a nan." Takardar gayyatarmu kuwa tana aljihunsa. Na ba shi haƙuri, na raka shi rumfa. Can bayan la'asar na leƙo in gaishe su, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in don tuwo kunka kira mu, akwai shi gida. Mu waƙa munka zo ji, ga shi kun aje mu bayan inji." Sai a lokacin na duba da kyau. A gindin janareta muka kafa rumfar. Tun da suka zauna ba abin da ya isa kunnensu sai rugugin inji, ga hayaƙin dizal.

Kuskurenmu a ka yake, ba a aljihu ba. Mun saba da zarar mun ga nakasasshe a bakin taro, abin da ke fara zuwa mana shi ne sadaka. Alhali shi ɗan kallo ne kamar kowa: waƙar ta kawo shi, yana da ra'ayi a kanta, zai iya cewa ta yi ko ba ta yi ba. Idan kwamitinku ya yarda da wannan, sauran aikin awo ne da tsari. Mu da muka taso muna karanta Suratu Abasa tun muna makarantar allo, wadda ta sauka a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum da ya zo majalisa neman ilimi, bai kamata a ce sai an zo daga waje an koya mana wannan ba.

Ku fara da kujerar kwamiti, tun kafin ku biya kuɗin wuri. Tun ran gini ran zane. Ku nemo aƙalla makaho ɗaya, kurma ɗaya da gurgu ɗaya, kuma lalle a samu mace a cikinsu, su zama 'yan kwamiti masu cewa a yi ko a bari. Samunsu ba wuya a Sakkwato. Akwai sarautun gargajiya na makafi da guragu da kutare, akwai reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, JONAPWD, akwai kuma malamai da ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji. Ku je da kanku ku gaishe su, kada ku aika takarda kawai. Ku biya musu kuɗin mota duk ranar zama, domin shawara suke ba ku, kuma shawara aiki ce. Sannan ku tafi tare da su wurin da kuke tunanin kamawa, ku bi shi taku taku tun daga bakin titi. A rabin awa za su nuna muku abin da ku ba za ku gani ba ko da kun shekara kuna zagaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai doka, kuma za ta yi muku amfani wajen magana da mai wuri da masu ba da tallafi. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan 1 ga kamfani. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, sashe na 30 nata kuwa a kan shiga harkokin al'adu da nishaɗi yake. Kin san dai yadda doka take a ƙasar nan, rubuta ta daban, aiki da ita daban. Amma mai ɗakin taron da ya ce "mu ba ma barin a kafa katako a matakalarmu" yakan sauko idan ya ji an ambace ta. Wanda kuma ya ce ai mutanen ba su da yawa, ki gaya masa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata nakasa. Rashin ganinsu a taro ba ƙarancinsu ba ne, sun gwada ne sun sha wuya sun daina zuwa.

Yanzu ki bi mutum tun daga ɗakinsa. Ta yaya ma zai ji labarin bikin? Hoton sanarwar nan mai launi da kuke turawa a WhatsApp da Facebook, makaho ba ya samun komai a ciki, domin manhajar da ke karanta masa waya, irin TalkBack, rubutu take karantawa da kyau, ba rubutun da aka zana cikin hoto ba. Ku riƙa sa bayanin a rubuce a ƙarƙashin hoton, ku haɗa da saƙon murya, ku kai sanarwa gidan rediyon Rima. Kurame kuma rediyo bai yi musu komai ba. Ku ɗauki gajeren bidiyo na wani kurma yana bayani da hannu, su da kansu za su yaɗa shi a tsakaninsu fiye da yadda kuke zato. Ku sa lambar waya da ke amsa kira, take kuma amsa rubutu. Kuma ku faɗi gaskiya a sanarwar: akwai tafinta ranar kaza daga ƙarfe kaza, babu shi ranar kaza. Gara mutum ya sani yana gida da ya biya kuɗin kabu-kabu ya zo ya tarar da wayam.

Ƙofa na riga na ba ki labarinta. Ku tara masu gadi da 'yan agaji kwana ɗaya kafin biki, 'yan kwamitinku nakasassu su yi musu bayani da bakinsu. Abubuwa ne ƙanana: a yi wa mutum magana shi kansa, ba ɗan jagoransa ba, a tambaye shi kafin a taɓa shi ko kekensa ko sandarsa, idan za a bar makaho a gaya masa an tafi, kada ya ci gaba da magana da iska. Ɗan jagora ko mai tura keke kuwa ba a karɓar kuɗin ƙofa a hannunsa. Aiki ya kawo shi.

Inda zan daɗe shi ne ƙasa, domin a nan ne littattafan da aka rubuta a Turai ba su san garinmu ba. Su keken asibiti suke aunawa. Mu a nan da yawa daga guragunmu shan inna ce ta kama su suna yara, kuma hanyar tafiyarsu iri-iri ce. Wani yana da keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ya fi keken asibiti tsawo, yana son fili kafin ya juya. Wani a kan ɗan katako mai taya yake. Wani kuma da hannuwansa yake tafiya, ya zura silifas a tafukansa. Ki tuna wannan na ƙarshe duk lokacin da kika kalli filin bikinku. Rairayin Sakkwato yana cinye taya. Siminti kuwa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta ne a tafin hannu. Saboda haka ku fitar da hanya guda daga ƙofa zuwa mazauni, zuwa rumfunan baje koli, zuwa makewayi da wurin salla, a daɓe ta, a shimfiɗa mata katako ko kafet mai kauri, a share tsakuwa da kwalba. Faɗinta kada ya gaza santimita 120, a bar fili mai faɗin santimita 150 a wuraren juyawa. A rufe bakin kwata. Igiyoyin rumfa da turakunsu da wayoyin lasifika su bi bayan fage, domin su ne ke kayar da makafi.

Gangara kuma tana da lissafi, kuma kafintoci sukan ci amanar lissafin nan don tsimin katako. Ƙa'idar ita ce duk tsayin santimita 1 yana son tsawon santimita 12. Matakala mai tsayin santimita 30 tana son gangara mai tsawon mita 3 da santimita 60. Dandamali mai tsayin santimita 60 yana son fiye da mita 7. Abin da aka saba gani, ɗan guntun allo da aka jingina a tsaye kamar na hawar da babur cikin shago, tarko ne. Mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, in ya sauko kuma sai ya kifa. Ki tsaya a kan kafinta da tef a hannunki. A buga ɗan katanga a gefe biyu don kada taya ta zame, kada kuma a shafa fenti mai santsi. Idan lissafin ya fi ƙarfin aljihunku, ku rage tsayin dandamalin, ya fi araha. Kada wani ya ce "ai sai mu ɗauke su." Babban mutum ba ya son a ciccibe shi gaban jama'a kamar buhu, mace kuwa kin san ba za ta yarda samari su ɗauke ta ba, gida za ta koma.

Sai abin da kwamiti ke jin nauyin tattaunawa: makewayi. Wata baiwar Allah da ke tafiya da hannu ta taɓa gaya mini cewa duk ranar da za ta taro ba ta shan ruwa tun asuba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, inda kuke taka takalmi nan nake sa hannuna." Ki auna wannan da zafin garin nan. Ku ware makewayi ɗaya na maza, ɗaya na mata, a ƙasa ba hawa, ƙofa mai faɗin santimita 90 da ke buɗewa waje, da abin zama, da ƙarfen dafawa a bango, buta da sabulu a inda hannun mai zaune zai kai. Ku ɗauki mutum wanda aikinsa kawai ya riƙa goge ƙasan ya bushe. Wurin alwala ma a sa benci. Idan kuɗinku abu ɗaya kawai zai iya, ni a nan zan ce ku zuba shi.

Mazauni kuma, ku manta da rumfa guda. Mutum da iyalinsa ko abokansa ya zo, da su yake son zama. A cire kujera nan da can a sahun gaba da bakin layi, ɓangaren maza da na mata, a bar gurbin keke, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a gaba ga wanda ya fi son ƙasa. Ki shirya rigima da masu kula da manyan baƙi, domin sahun gaba suke ɗauka gadonsu ne. Ki kuma tuna lokacin liƙi: da kiɗa ya yi daɗi jama'a za su miƙe su cika gaban dandamali, na zaune ba ya ganin komai sai bayan riguna. A sa 'yan agaji su tsare wannan gefen.

Duk wannan isowa ce kawai. Saura fasahar kanta, wadda ita ce dalilin zuwan.

Kurame suna buƙatar tafinta, amma ki fara tambaya: tafintan wace magana? Akwai maganar hannu ta makaranta, wadda asalinta daga ta Amurka ne, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Akwai kuma maganar hannu tamu ta gida, wadda kuramen ƙasar Hausa ke yi a kasuwa da majalisarsu tun kaka da kakanni. Wanda bai shiga makarantar kurame ba sau da yawa ba ya gane ta farko. Kuramen kwamitinku su za su gaya muku wadda mutanensu suka fi ji, wani lokaci ma sai an haɗa tafinta da wani kurma da zai mayar da maganar zuwa ta gida. Tafinta biyu za ku ɗauka, suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30, domin aikin yana gajiyar da hannu da kai. Ku ba su rubutun waƙoƙi da na wasan tun da mako guda. Rubutacciyar waƙar Hausa cike take da Larabci da salon magana, ba wanda zai fassara ta da kyau yana jin ta karon farko. Tafinta ya tsaya kusa da mai magana, haske a fuskarsa da hannuwansa, fitilarsa a kan layin da ba ya ɗaukewa, kuma a hana masu ɗaukar bidiyo tsayawa gabansa. Kada ki ce kiɗa ba ruwan kurma. Ki zaunar da shi kusa da ganga a kan daɓen katako ki ga yadda yake karɓar ta a ƙirji da ƙafa.

Makafi sun fi kowa morar karatun waƙa da kiɗa, in dai lasifika mai kyau ce kuma ba a kai su bayan inji ba. A wasan kwaikwayo ne ake barinsu a baya: jama'a su fashe da dariya, shi yana tambayar na kusa da shi me ya faru. A manyan gidajen wasa na waje akwai mai bayani da ke magana ta na'urar kunne. Ku ba sai kun sayi na'ura ba. Ku samo mutum mai kaifin baki, irin masu sharhin ƙwallo ko dambe, ya kalli gwajin wasan sau biyu, ranar biki ya zauna tsakiyar makafi huɗu ko biyar yana gaya musu a hankali. Sharaɗi biyu ne: ya yi magana a inda 'yan wasa suka yi shiru, kuma ya faɗi abin da ido ya gani, kada ya yanke hukunci. "Ta ajiye tulun, ta juya masa baya" ya fi "ta yi fushi". Su ma suna da hankalin gane fushi. Rabin awa kafin a fara, a hau da su dandamali su taɓa kayan wasa, su ji faɗin wurin, su riƙe gurmi da kalangu, 'yan wasa su gabatar da kansu da muryarsu.

A baje koli kuwa Allah ya ba ku abin da wasu garuruwa ba su da shi. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko, aba ce ta hannu da hanci tun kafin ta zama ta ido. Ku roƙi dukawa da majema kowa ya ware abu biyu ko uku da aka yarda a taɓa: fata kafin jima da bayan jima, jaka, tandu, titimi mai ɗinki, ya kuma tsaya ya yi bayani. Za ki ga masu ido ma sun yi layi a wurin. Teburan kada su yi tsayin da mai keke ba zai ga samansu ba. Rubutun makafi na Braille yana da kyau idan kun samu mai buga muku 'yan kwafi na jadawalin biki, sai dai waɗanda suka yi makaranta ne ke karanta shi. Rubutu mai manyan baƙaƙe, baƙi a kan fari, zai amfani masu raunin gani da tsofaffi da yawa.

Zabiya inuwa ta gaske yake so da kujera a gaba, domin rana na ƙona masa fata, ganinsa kuma yana da rauni. Fitila mai walƙiya tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwo, ku bar ta. A samu ɗaki ko rumfa nesa da lasifika inda uwa za ta kai yaron da ƙara da cunkoso ke firgitawa. Kutare kuma a ja wa masu rabon ruwa da abinci kunne: wanda ya sha magani ba ya yaɗa cutar, kada a ware masa kwano ko a ajiye masa abu a ƙasa, a dai ba shi kofi mai mariƙi, a buɗe masa leda idan ya nema.

Sanƙira da 'yan barkwanci ki zauna da su tun da wuri. Harshenmu yana da karin magana irin "aikin banza, makaho da waiwaye," 'yan wasanmu kuma sun saba samun dariya da kwaikwayon tafiyar gurgu ko maganar bebe. Ba ka gayyaci mutum sannan ka mai da shi abin dariyar taro. Haka masu tallafi: wanda ya ba da kuɗin gangara a gode masa da lasifika, amma kada a jera mutane a ɗauki hotonsu suna karɓar roba. Kuma ina fata a jadawalinku akwai mawaƙi makaho ko 'yan wasan kurame ko baduku gurgu, a tsakiyar shiri lokacin da wuri ya cika, a biya su abin da aka biya saura. Garin nan ba ya rasa su. Kalmar da za a kira su da ita, nakasassu ko masu buƙata ta musamman, su za ki tambaya, domin su ma ra'ayinsu ya bambanta.

Batun kuɗi: abin da zai ci kuɗi sosai huɗu ne, tafintoci, katako, makewayi da sufuri. Ku rubuta su a kasafi tun farko, layi ɗaya da hayar lasifika da rumfuna, domin abin da aka bari sai "in an samu rara" ba a taɓa samun rararsa. Idan ba za ku iya kwana ukun duka ba, ku cika kwana ɗaya da kyau ku sanar da shi.

Kada kuma ku manta da tashi. Da an yi addu'ar rufewa kowa ƙofa yake nufa a lokaci guda, babura na kutsawa, wani ya kashe janareta don tsimin mai. A wannan duhun ne ake ture mai sanda, a taka hannun mai rarrafe. Ku bar fitilu a kunne har filin ya watse, ku ware ƙofa ɗaya da babur ba ya bi, ku yi jinga da masu Keke Napep biyu ko uku tun da rana su jira a bakinta, kuma mutum ɗaya daga kwamiti ya tsaya a wurin da takardar sunaye har sai na ƙarshe ya hau.